Bidiyo mai kunna kansa: daga kunne zuwa ido

1. Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya shafi bidiyon da ake dasawa cikin shafin intanet, wanda ke tashi da zarar an buɗe shafin, ba tare da mai kallo ya taɓa komi ba. Da Faransanci ana ce ma wannan «lecture automatique». Kalmar «lecture» a nan ba karatu take nufi ba, saboda haka muka zaɓi «bidiyo mai kunna kansa». Manufarmu ita ce mu nuna cewa maganin da aka yi ma matsalarsa ya taɓa harshe.

2. Yadda abin yake aiki

A cikin HTML5, watau ƙa'idar rubuta shafuka da ƙungiyar W3C ta tabbatar a 2014, kalma guda, «autoplay», ta isa ta sa bidiyo ya tashi da kansa. Masu talla suna son haka, domin motsi na jan ido. Mai kallo kuwa yana asara iri biyu: sauti ya faɗo masa ba sallama, kuma kuɗin intanet ɗinsa na ƙarewa kan abin da bai nema ba. Ga makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa shafi, muryoyi biyu ne ke cuɗanya. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG na 2008 suka tanadi cewa duk sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3, dole a samu hanyar tsayar da shi ko rage shi.

Daga baya manhajojin buɗe shafuka suka ɗauki mataki: Safari a 2017, Chrome a 2018, Firefox a 2019. A taƙaice, an yarda bidiyo ya tashi, amma a galibi sai in bebe ne.

3. Abin da ya shafi harshe

Idan aka kashe sauti, saƙon yakan koma cikin rubutun da ke ƙasan hoto. Ga Hausa, wannan ƙaura ba ƙarama ba ce. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Misali:

(a) gari: wurin zama, ko abin da ake tuwo da shi;
(b) ya tafi: labarin abin da ya wuce, ko umurni.

Kunne na rarrabe waɗannan nan take. Ido kuwa sai ya jira sauran jimla, alhali layin yakan gushe cikin ƴan daƙiƙu. Idan kuma marubucin ya yar da haruffa masu lanƙwasa, «ƙafa» da «kafa» sun zama ɗaya.

Akwai kuma batun masu karatun. A Nijar, yawancin waɗanda suka yi makarantar boko da Faransanci suka koyi karatu, wasu kuma ajami suka sani. Wanda ke jin Hausa sarai yana iya kasa bin rubutunta da wannan sauri. Mai shirya bidiyon kuma zai ga ya fi masa sauƙi ya rubuta da Faransanci, sai Hausar ta rage cikin muryar da aka kashe.

4. Kammalawa

Kashe sauti ya kare kunnen mai kallo, amma ya fifita masu ƙarfin karatu. Aikin da ke gaban sashenmu shi ne auna saurin karanta Hausa a ƙasan hoto, da tantance wuraren da sa alamar karin sauti ya zama tilas.