Jirgin Saman Kara: Me Ya Hana Shi Tashi?

Yaran unguwar Gobarau ta Katsina, kamar sauran yaran ƙasar Hausa, ba baƙin ƙera jirgin sama ba ne. Da zarar kaka ta yi, kara ya samu, sai ka ga yaro ya fere ɓawo, ya yanka totuwa, ya harhaɗa jirgi har da tayoyi da tagogi. Sai dai jirgin nan jan sa ake yi da zare. In aka cilla shi sama, da ka yake dawowa. Basira kam yaron yana da ita, awo ne babu.

Masu ƙera ƙananan jiragen da ke tashi da zane suke farawa, zanen da girmansa ya yi daidai da jirgin da za a haɗa. A shimfiɗa shi a kan allo, a rufe da farar leda don kada gam ya kama takardar, sannan a riƙa yanka sanduna da reza ana ɗora su a kan layukan zanen, ana kafe su da allura har gam ya bushe. Fiffike daban, gangar jiki daban, wutsiya daban. Daga baya a lulluɓe su da takarda marar kauri, a haɗa.

Itacen da suka fi so shi ne balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake samo shi. Ba shi da nauyi, ga shi da ƙwari daidai gwargwado, har Ingila ta sa shi a jikin jirgin yaƙinta Mosquito lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Katsina samun sa da wuya, amma wannan ba hujja ba ce. Totuwa da ɓawon karan dawa suna iya ɗaukar aikin, in an zaɓi busasshe miƙaƙƙe.

Inda gizo ke saƙar shi ne daidaita nauyi. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. In ya tsaya cak, madalla. In wutsiya ta rinjaya, zai ɗaga kai ya tsaya a iska ya rikito, don haka sai a manna ɗan danƙo ko ƙaramar ƙusa a hanci. In hancin ne ya yi nauyi, ƙasa zai nufa. Haka kuma bakin fukafukan biyu su ɗan ɗaga sama, domin wannan ne ke miƙar da jirgin in iska ta karkata shi. Gwaji kuwa da sassafe ake yi, kafin iska ta taso, a filin makaranta, nesa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kada kuma wani ya ce hasumiyar Gobarau zai hau ya saki nasa. Jirgin da ya daidaita, daga tsayin kafaɗa ma zai nuna kansa.

Inji fa? Roba ce. A ɗaura ta daga farfela zuwa wutsiya, a murɗa, a saki. Da irin wannan Bafaranshe Alphonse Pénaud ya tashi ƙaramin jirginsa a birnin Faris a 1871. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai farfela irin ƙirar Pénaud. 'Ya'yan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirgi mai inji a 1903.

Jirgin sama ya fara sauka Kano tun 1925, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya kuma tana nan tun 1964, tana neman ɗalibai masu kan lissafi. Malaman kimiyya na makarantunmu, ku samo zane ɗaya, ku buga shi da yawa, ku sa yara su zo da kara da reza da abin awo.