Sana'ar hoto: yadda ake fito da fuska tar, baya ya yi dishi-dishi

A Attantane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maradi, mai ɗaukar hoton biki ba shi ke zaɓen wuri ba. Amarya na tsaye, bayanta ga danga, ga amalanke, ga yara na leƙe. Masu biki kuwa, can da Tasawa duka, irin hoton da suke gani a WhatsApp suke so: fuska tar, baya dishi-dishi. Wanda bai iya ba, aikin sai ya koma hannun wani.

Abu uku ke kawo haka. Na farko ƙofar haske ta gilashin kyamara, wadda ake aunawa da harafin f. In lambar ta yi ƙasa, kamar f/1.8 ko f/2.8, ƙofar ta buɗe sosai, baya ya dushe. A f/11 kusan komi zai fito. Ana saita ta ne bayan an juya maɓalli zuwa A a kyamarar Nikon, ko Av a Canon.

Na biyu tazara, ita kuma ba ta cin ko dala. A janye mutum taku biyar ko shida daga bango, mai hoto ya matso kusa da shi. Wanda ya jingina da bango, da wuya bayansa ya dushe, komi tsadar kyamara.

Na uku tsawon gilashi. Mai milimita 50 ko 85 ya fi mai 18 dusar da baya. Mai ƙaramin gilashi na 18-55 sai ya zuƙo shi zuwa 55.

Sai dai ranar Sahel na da ƙarfi. Ƙofa a buɗe da tsakar rana na iya ƙone hoto, farar shadda ta ɓace. Maganin shi ne a sa ISO a 100, a nemi inuwar bedi, ko a jira la'asar.

Hoton dangi ba ya son wannan dabara. In mutane sun yi sahu biyu ko uku, f/1.8 zai dusar da na baya, kuma galibi iyaye maza ne ke tsaye can. A nan f/8 ya fi.

Wayoyin salula na kwaikwayon wannan dishi-dishi da lissafin na'ura, shi ya sa wani lokaci suke cinye gefen kallabi. Kafin a bar wurin biki, a faɗaɗa hoton a duba idanu: in sun fito tar, aiki ya yi.