Wa Aka Gwada, Mutanen ko Kalmomin?

A gwaje-gwajen ilimin halayyar ɗan Adam, akan zaunar da mutum gaban kwamfuta a yi ta auna shi. A ce ana son sanin ko an fi saurin gane suna a kan aikatau. Sai a tara ɗalibai 30, a nuna wa kowa sunaye 20 da aikatau 20, na'ura tana ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya danna maɓalli.

Wajen lissafi, dole a raba abubuwan da ke cikin gwajin gida biyu. Kafaffe shi ne wanda aka zaɓa da gangan, ko an sake gwajin shi za a sake sawa, kamar suna da aikatau. Tsintacce kuwa samfuri ne daga cikin taro. Ɗaliban tsintattu ne, domin ba halinsu ake nema ba, na jama'a ake nema. Tun da kuma awon mutum ɗaya kan yi kama da juna, mai saurin hannu ko'ina mai sauri ne, ba a ɗaukar awonsa 40 kamar na mutum 40.

To, kalmomin fa? Nan gizo ke saƙa. A 1973 Herbert Clark na Jami'ar Stanford ya nuna cewa masu bincike da yawa suna lissafa kalmomi a matsayin kafaffu, sannan su yanke hukunci a kan harshe gaba ɗaya. Alhali idan sunayen da aka tsinto sun dace gajeru ne ko an fi sabawa da su, bambanci zai fito fili, kuma ƙara yawan ɗalibai sai dai ya ƙara wa kuskuren ƙarfi. A 2012 Judd da Westfall da Kenny sun nuna cewa haka abin yake ga hotunan fuskoki.

Tun bayan aikin Baayen da Davidson da Bates na 2008, an fi karkata ga gaurayen tsari mai ɗaukar mutane da kalmomi duka a matsayin tsintattu, galibi da manhajar lme4. Barr da abokansa a 2013 sun nemi a bar tasirin da ake aunawa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, daga kalma zuwa kalma, iya yadda tsarin gwajin ya ƙyale. Wasu na ganin hakan kan fi ƙarfin bayanan, lissafin ya ƙi kammaluwa. A ganina, idan haka ta faru da kalmomi 40, ƙaro kalmomi ya fi rage wa lissafin sharuɗɗa.