Daga Bishiya Zuwa Jirgin Ruwa: Yadda Ake Kare Lemo Daga Ruɓewa

Duk wanda ya taɓa buɗe buhun lemon da ya kwana uku a bayan mota daga Binuwai zuwa Maraɗi, ko daga Gaya zuwa Yamai, ya san warin asara. Lemo ɗaya ya ruɓe, ya shafa wa goma. To, yaya lemon Masar da Maroko da Afirka ta Kudu ke ƙetare teku ya isa Turai garau?

Babban abokin gaba shi ne fumfuna, kore da shuɗi, wadda masana ke kira Penisiliyam. Ƙwayoyinta suna yawo cikin iska, amma ba sa iya huda lafiyayyen ɓawo sai sun sami rauni: ƙarzar farce, sukar ƙaya, ko faɗowa ƙasa. Shi ya sa a gonakin masu fitarwa ba a kaɗa reshe, ba a fizge lemo. Da almakashi ake yanke shi, a rage hancin gajere don kada ya soki ɗan'uwansa, kuma ba a tsinka da raɓa ko bayan ruwan sama. Tun kafin kwana ya zagayo ake wanke shi da ruwa mai kulorin ko bikarbonat, a sa masa maganin fumfuna gwargwadon abin da doka ta yarda, a shafe shi da kaki don kada ya yanƙwane, sannan a shigar da shi ɗakin sanyi.

Sai kuma tsutsa, wadda ta fi wuyar sha'ani domin a ciki take ɓuya. Ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya bazu har Afirka ta Yamma. Yana huda ɓawo ya zuba ƙwai. Saboda wata tsutsar malam-buɗe-littafi kuwa, Tarayyar Turai ta kafa doka a 2022 cewa lemon zaƙin da ya fito daga ƙasashen da take, sai an riƙe shi kwana 16 zuwa 20 cikin sanyin da bai wuce digiri 2 ba. Afirka ta Kudu, wadda a lokacin take biye da Sifen wajen yawan fitar da lemo, ta kai ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya a wannan shekarar, saboda nauyin kuɗin da dokar ta ɗora wa manomanta.

Mai lambu da ɗan kasuwarmu ba su da ɗakin sanyi, amma rabin aikin ba ya cin ko dala. A riƙa tsince lemon da ya zube, a binne shi da zurfi ko a ɗaure shi cikin baƙar leda a rana, tsutsar ta mutu. A zuba kaya cikin kwando ko akwati mai shan iska maimakon buhu, a ajiye a inuwa, kada a hau kansa a zauna. Uwargida ma ta duba kwandonta kullum, ta ware mai tabo tun bai ɓata sauran ba.