Me ke ƙona rizistar rubu'in wat?

Yau batun rizista za mu taɓa.

A masana'antu, na'urar awo tana aika saƙo ta kewayen waya da karan na miliamfa 4 zuwa 20. Rizista mai om 250 ke mai da shi bolt 1 zuwa 5. Zafin da take sha kuwa, bolt sau karan ne: 5 sau 0.02, wato wat 0.1. Mai rubu'in wat ta isa.

To amma fa in na'urar ta yi shot, duk bolt 24 da ke ciyar da kewayen kanta zai sauka: wat 2.3 ke nan. Sai hayaƙi, saƙo ya yanke.

Don haka 'yan'uwa, ku lissafa da ranar matsala. Ku sa mai wat 5, ko fiyus.