Neman haihuwa: Yadda za ku gane likitan da ya dace kafin kuɗi da lokaci su ƙare

Biki ya tashi, an sha hotuna, an zuba su a Instagram da TikTok. Shekara na zagayowa sai tambayoyi su fara: "Amarya, har yanzu shiru?" Gwaggo ta aiko da ƙullin sassaƙe, ƙawa ta turo lambar wata mai sayar da magani a WhatsApp, abokin ango ya ce ya san wani asibiti a Abuja, wani kuma ya ce ku daina wahala, Masar kawai za ku wuce. Kafin a ankara, ma'auratan da ko gwajin jini ɗaya ba a yi musu ba sun sha magani kala bakwai.

Idan kuna cikin wannan hali, ku sani ba ku kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani bambanci mai yawa tsakanin ƙasashen masu kuɗi da na talakawa. Allah ne ke ba da haihuwa, wannan babu ja. Amma wurin da za ku nemi magani, zaɓinku ne, kuma a nan ne ake yawan tafka asara.

Yaushe ya kamata a fara neman likita?

A wurin likitoci, ana cewa akwai matsala ne idan miji da mata sun yi wata 12 suna tare a kai a kai, ba sa amfani da wata hanyar tazarar haihuwa, kuma ciki bai shiga ba. Wato amaryar da ta yi wata huɗu ko biyar ba ta da dalilin ɗaga hankali, duk surutun dangi. Haka kuma mijin da ke aiki a Legas yana leƙo gida kwana uku a wata, lissafinsu daban ne.

Idan matar ta kai shekara 35, kada a jira shekara, wata 6 ya isa. Haka idan al'adarta na yin wasa, yau ta zo gobe ta yi wata uku ba ta zo ba, ko tana zuwa da azababben ciwon mara, ko an taɓa yi mata aiki a ciki, ko ta yi ɓari fiye da sau ɗaya. Shi ma namijin da ya taɓa yin hangum bayan ya balaga har marainansa suka kumbura, ko ya taɓa jin rauni ko yin aiki a wurin, bai kamata ya zauna jira ba.

Kowane likita da fanninsa

Da yawa daga cikinmu da mun ga farar riga shi ke nan, likita likita ne. A'a, akwai matakai.

Na farko shi ne likitan da ke ganin kowa da kowa a asibitin unguwa ko babban asibitin jiha. Zai iya sauraron ku, ya rubuta gwaje-gwajen farko, ya tura ku gaba. Na biyu shi ne ƙwararren likitan mata da haihuwa, wanda bayan digirinsa ya sake yin shekaru yana samun horo a asibitin koyarwa har ya zama kwansaltan. A Najeriya za ku ga haruffan FWACS ko FMCOG a bayan sunan irin waɗannan, shaidar cewa sun ci jarrabawar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. Akasarin matsalolin mata, kamar rikicewar al'ada, rashin sakin ƙwai da ƙarin da ke fitowa a mahaifa, a hannun wannan likita suke ƙarewa.

Na uku shi ne likitan mafitsara da al'aurar maza. Idan gwajin maniyyi ya nuna matsala, wurinsa ya kamata maigida ya nufa. Na huɗu su ne cibiyoyin da ke haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji su mayar cikin mahaifa, abin da ake kira IVF. Wannan fasaha ta daɗe: Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, an haife ta a Ingila a 1978, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, Robert Edwards, ya samu kyautar Nobel a 2010. Sai dai ba daga nan ake farawa ba, kuma mafi yawan masu neman haihuwa ba sa buƙatar kaiwa can.

Ga wanda ke Arewa, asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos duk suna da sashen mata da haihuwa mai kwansaltoci. Akwai layi, akwai jira, wani lokacin ga yajin aiki. Amma kuɗin ganin likita bai kai na asibitin kuɗi ba, kuma da yawa daga cikin likitocin da ake rububin gani a asibitocin kuɗi da yamma, su ne dai ke zaune a can da safe.

Alamar farko: ya tambayi ina maigida?

Idan akwai abu ɗaya da zai nuna muku likitan da ya san aikinsa tun ranar farko, to wannan ne. Likitan ƙwarai ba zai ɗora mace a kan magani wata da watanni ba tare da an duba mijinta ba. Binciken likitoci ya nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da ke da wannan matsala, akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar.

Maza, mu faɗa wa juna gaskiya. Ƙarfi a shimfiɗa daban, ingancin maniyyi daban. Mutum na iya zama lafiya lau a wancan fannin amma ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan ko ba sa motsi yadda ya kamata. Kuma "ai ina da ɗa da matata ta farko" ba hujja ba ce, domin ciwon sanyi da ba a magance ba, ciwon suga, shan taba da wasu magunguna na iya canza lamarin daga baya. Allurar ƙara ƙarfin namiji ta testosterone da wasu samari ke yi don gina jiki, ita kanta tana dakatar da samar da maniyyi.

Gwajin kuwa shi ne mafi sauƙi da araha a duk tafiyar. Babu allura, babu tiyata. Za a ce ka ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ka ba da samfuri a ɗakin gwaji. Idan sakamako bai yi kyau ba, ana maimaitawa, domin jiki na ɗaukar kusan wata uku kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi. Ka duba wannan, sannan ka duba irin abin da matarka ke sha: allurai, hoton bututun mahaifa mai ciwo, ga gorin dangin miji ana kiranta juya.

Bincike kafin magani

Ziyarar farko wurin ƙwararre tambayoyi ne suka fi yawa a cikinta: yaushe aka yi aure, yaya al'ada take, an taɓa ɓari, an taɓa haihuwar da ta zo da zazzaɓi ko wankin ciki, wane magani aka sha. Ku faɗi gaskiya, har da na gargajiya da kayan matan da aka yi matsi da su. Idan kun taso a garin da ake wanka a rafi ko madatsar ruwa kuma kun taɓa fitsarin jini, ku ambata, domin tsargiya na iya taɓa hanyoyin haihuwa na mace da na namiji.

Daga nan sai gwaji: na maniyyi, hoton ciki don ganin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, gwajin jini don tabbatar da ana sakin ƙwai da duba sinadaran jiki, da hoton HSG da ake yi bayan an gama al'ada don ganin ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke. Sai an haɗa waɗannan ne magani ke da ma'ana.

Ku ɗauki misalin Clomid, ƙwayar da 'yan mata ke tura wa juna sunanta a guruf, a je kemis a saya kamar farasitamol. Aikinta shi ne tayar da ƙwai ga wadda ba ta saki. Idan bututunki a toshe suke, ko matsalar daga maigida take, ko kin shekara kina sha ba za ta yi komai ba. Kuma likitoci ba sa barin a wuce zagaye shida ana shan ta, suna kuma bibiya da hoton ciki, saboda tana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Haka batun "infekshan" da aka mayar da shi sunan kowace cuta. Gaskiya ne ciwon sanyi da aka yi sakaci da shi na toshe bututu, amma idan ya riga ya bar tabo, babu adadin kafso ko ruwan jarka da zai buɗe shi.

Tambayoyin da za ku yi ba kunya

Kuɗinku ne, jikinku ne. Ku tambayi cikakken sunan likitan da zai kula da ku da matakin ƙwarewarsa. Hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rijista a Najeriya, kuma kowane likita na sabunta lasisinsa duk shekara. Na gaskiya ba ya jin haushi don an tambaye shi. Ku tambaya: me kake zargin shi ne matsalar? Wannan magani na wata nawa ne? Idan bai yi ba, mene ne mataki na gaba?

Idan har an kai ga IVF, tambayoyin sun ƙaru, domin ana maganar miliyoyin naira ne a kowane zagaye. Idan cibiya ta ce muku tana samun nasara kashi kaza, ku ce: nasarar gwajin ciki ya nuna, ko ta haihuwar jariri da rai? Kuma ga mata masu shekara nawa? Ko a Birtaniya, inda hukuma ke tattara alƙaluman kowace cibiya, kusan 1 cikin 3 ne ke kaiwa ga haihuwa a kowane dashe ga matan da ba su kai 35 ba, kuma adadin na faɗuwa sosai bayan shekara 40. Don haka duk wanda ya ce muku tabbas ne, ɗari bisa ɗari, ku riƙe jakarku da kyau.

Ku nemi jimillar kuɗi a rubuce: allurai na ciki? Gwaje-gwaje fa? Kuɗin ajiye sauran ƙwayayen da aka haɗa a cikin sanyi fa? 'Yan tayi nawa za a mayar a lokaci guda? Mutanenmu na son tagwaye, amma cikin 'yan uku ko huɗu na zuwa da haɗarin bakwaini da hawan jini, kuma cibiyar kirki za ta gaya muku haka.

Akwai kuma tambayar da Musulmi ba zai tsallake ba. Tun shekarun 1980 manyan majalisun fatawa a Masar da Makka suka halatta wannan hanya da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren na nan. Wasu cibiyoyi na amfani da ƙwai ko maniyyin wani idan na ma'auratan bai yi ba. Ku faɗi matsayinku tun farko, a rubuta a takardar amincewa, kuma ku karanta kafin ku sa hannu.

Masu shirin fita Masar ko Indiya, ku yi gwaje-gwajen farko a gida, ku tura sakamakon, ku yi magana da likitan kansa kafin ku sayi tikiti. Dillalin da ke haɗa tafiyar yana da kasonsa a ciki. Ku kuma san wa zai ci gaba da duba ku idan kun dawo.

Inda za ku juya da baya

Yawan mabiya ba shaidar ƙwarewa ba ne, hotunan jarirai da saƙonnin godiya kuwa kowa na iya haɗa su a waya. Ku yi hattara da wanda ke ba kowa magani iri ɗaya, wanda ke ba da allura ko ruwa marar suna, wanda ba ya ba da rasit, da wanda ke hana ku kai sakamakonku wani wuri.

A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya bankaɗo wata damfara a jihar Anambra, inda ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a ce musu suna ɗauke da wani ɓoyayyen ciki da na'ura ba ta gani, a hana su zuwa wani asibiti, daga ƙarshe a miƙa musu jariran da aka yi safararsu. Matan da abin ya rutsa da su ba wawaye ba ne, matsin lamba ne ya kai su. Cikin gaske gwajin jini na nuna shi, hoton ciki ma na nuna shi.

Idan kun samu likitan da ya cika sharuɗɗan nan, ku ba shi lokaci. Tsalle daga wannan asibiti zuwa wancan duk bayan wata biyu na sa a yi ta maimaita gwaji ɗaya ana biyan kuɗi. Ku buɗe fayil a gida, ku adana kowane sakamako, ku ɗauki hotonsa a waya, ke kuma ki riƙa rubuta ranakun al'adarki. Idan an ce tiyata ko IVF, ko an yi wata shida babu wani bayani sai "a ci gaba da shan magani", ku ɗauki fayil ɗin ku ji ta bakin wani ƙwararren. Haƙƙinku ne.

Ranar zuwa asibiti kuma, ku tafi ku biyu. Allah ya ba masu nema zuri'a mai albarka.