Abin Da Kasuwar Laraba Ke Koya Wa Tukunyar Zango

Duk wanda ya ratsa kasuwar Nima ranar Laraba da hantsi, in dai yana da lura, ba ya bukatar kalanda kafin ya san watan da ake ciki. Buhunan da aka sauke daga motocin Arewa da kwandunan da matan ƙauyukan bakin teku suka jera su ne za su gaya masa. Iyayenmu mata sun iya karanta wannan rubutu sarai. Ba sa fita daga gida da sunan miya a baki, sai sun ga abin da ya yi yawa ya yi arha, sa'an nan su yanke shawarar abin da za a dafa. Wannan ilimi ne nake jin tsoron yana neman kuɓuce wa gidajenmu na Nima da Mamobi, yanzu da dunƙulen ɗanɗano da garin lemo na leda suka mai da kowane wata iri ɗaya a bakinmu.

Abin da ya bambanta ɗakin girkin Zango da na maƙwabtanmu shi ne shekara biyu yake bi a lokaci guda. Akwai shekarar Akra, mai damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Akwai kuma shekarar Arewa, ta Tamale da Bawku da Burkina Faso da Nijar, mai damina guda, wadda gero da dawa da wake da gyaɗa suke shigowa bayanta. Tun da aka kafa Nima a shekarun 1930, tukunyarmu a tsakanin waɗannan biyu take tafasa. Dubi tuwon zafi da miyar ayoyo: ɗanyen ganyen daga lambunan kusa yake, daddawar daga Arewa, kifin kuwa daga bakin teku. Shi ma wake da shinkafa, wanda duk Gana ta karɓa daga hannunmu ta sa masa suna waakye, ba ya yin jan nan nasa sai da karan dafi.

Da babbar damina, ganye ke mulki: ayoyo, alayyafo, ɗanyar kuɓewa, yalo da ganyen gwaza da ake kira kontomire. A lokacin ne mangwaron Dodowa da Somanya yake cika tire, ɗanyar masara ta biyo baya. Daga Yuli sabuwar doya ta fara shigowa, a Agusta kuma, lokacin da Gawa suke bikin Homowo, teku ya yi sanyi, ƙananan kifaye su yi ambaliya, murhunan Chorkor su yi ta hayaƙi dare da rana. Uwargida mai hangen nesa a wannan wata take sayen ƙyafaffen kifi da yawa ta ƙara busar da shi. Idan hunturu ya kama daga Disamba, sai hannu ya koma kan busassun kaya, kuka da busasshiyar kuɓewa da miyar gyaɗa, sabon gero kuma ya sa koko da fura su yi ƙamshin da ba a samu a tsohon hatsi.

Wannan dogaro da hanya mai nisa yana da tsadarsa. Galibin albasar da muke ci daga Nijar take zuwa, musamman 'yar Galmi, tumatirin rani kuma daga Burkina Faso. A watan Yulin 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku, can wajen gari, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kowace mai girki a Mamobi ta ji abin a aljihunta. Gidajen da suka sha da sauƙi su ne waɗanda suka saba komawa ga ƙananan albasar Anloga, suka kuma iya miyar da daddawa ke ɗauke da ita ba tumatir ba.

To, mu zo ga abin sha, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. A bukukuwan aure da suna yanzu, sai ka ga an kafa tebur na musamman, ana haɗa ruwa kala-kala a kofunan gilashi, yara suna kiransa koktel. A bakin Turawa, asalin wannan suna na haɗin da giya ke ciki ne, shi ya sa wasu dattawa suke ɗaure fuska da jin sa, kuma ba su yi laifi ba. Amma idan haɗa 'ya'yan itace da kayan ƙamshi ake nufi, ai kakanninmu sun riga kowa. Mene ne lamurje in ba tsamiya da citta da kanumfari da ɗan garin shinkafa ba? Mene ne zoborodo, wanda a titi ake kira sobolo? Ga kunun aya, ga fura da nono, ga burkina, ga zomkom na mutanen Bolgatanga. Ni a ganina, abin takaicin da ke kan teburan nan ba sunan ba ne. Yawancin abin da ke cikin gilashin lemon kwalba ne da kala da sukari, alhali a bakin ƙofa ana tallar abarbar Nsawam.

Kowane lokaci yana da nasa haɗin. Sabon zoborodo da hunturu yake shigowa, daidai lokacin da tsamiya da ƙwallon kuka suke nuna, agwaluma da tsamiyar biri, waɗanda Gawa ke kira alasa da yooyi, suna kan tiren kowace mai talla. Ga yadda ake yi a gidanmu: a wanke gwangwanin madara biyu na zoborodo sau biyu saboda yashi, a zuba cikin ruwa lita 3 tare da wankakken ɓawon abarba guda, da ɗanyar citta daka, da kanumfari kamar 10, da kimba biyu da aka fasa aka cire 'ya'yan saboda ɗaci. A tafasa minti 15, a sauke, a bar shi ya huce a rufe, a tace, sa'an nan a matse naman abarbar a ciki. Wanda ya yi haka zai tarar rabin sukarin da ya saba ya ishe shi. Da zafin Fabrairu da Maris, kankanar Ada da lemon tsami da ganyen na'ana'a ba sa neman sukari ko kaɗan. Da damina kuwa, nunannen mangwaro da kindirmo ya wadatar.

Ba don son gargajiya kawai nake wannan magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma rabin haka ya fi. Gwangwani guda na lemon kanti yana iya ɗauke da giram 35. A 2023 Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan irin waɗannan abubuwan sha. Amma haraji ba ya shiga ɗakin girki, kuma zoborodon da aka juye wa ludayi biyar na sukari bai fi na kanti da komai ba. Gida nawa ne a layinmu ba su da mai ciwon sukari ko hawan jini?

Akwai kuma abin da ya shafi addini kai tsaye, wanda masu yin da yawa don biki ko sayarwa ya kamata su kiyaye. Ruwan da ke da zaƙi, idan ya daɗe a zafi, yana juyawa da kansa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha ruwan har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba ya ajiye shi. Malaman Malikiyya sun karhanta jiƙa dabino da zabibi a ƙwarya guda, saboda haɗin yana gaggauta juyawa. A zafin Akra, ga ɗaukewar wuta, zoborodo mai abarba ba ya jiran kwana uku, kunun aya ma a yini guda yake lalacewa. Idan jarka ta kumbura, ko ruwan ya fara kumfa yana cizon harshe, a zubar, kada a ce asara ce a ba yara.

Sai kalandarmu ta uku, ta wata. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka faifan buɗa baki ba ya zama iri ɗaya. A 2015 ya zo a Yuni da Yuli, cikin ruwan sama da mangwaro da ɗanyar masara. A 2025 ya zo a Maris, cikin zafi, lokacin kankana da tsamiya. Na ga gidajen da suka dage sai sun sayi tuffa da inabin da aka shigo da su daga waje, da tsadar da za ta ciyar da maƙwabta biyu, don kawai haka suka gani a talabijin.

Gargaɗi guda game da ganyen da ake ci ɗanye. Latas da kabeji da albasa mai lawashi da ake nomawa a cikin gari, kamar a lambunan Dzorwulu, yawancin manomansu 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa, kuma aikinsu na ciyar da birni. Sai dai da dama daga cikinsu da ruwan kwalbati suke ban ruwa, domin shi ke gare su. Ba dalili ba ne na ƙaurace musu. A cire ganyen waje, a ware sauran ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa minti 10 cikin ruwan da aka sa wa binega, a sake ɗauraye su kafin a ɗora kan waakye. Ayoyo da alayyafo, da yake tafasa su ake yi, wankewa mai kyau ta ishe su.